Ra'ayinmu: Na'ura ta wanda ya saye ta ce, amma wasan da ke cikin faifai yana da mai shi

Duk wanda ya ratsa unguwa da yamma a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya san irin shagon da muke nufi. Ƙaramin ɗaki ne mai labule a ƙofa, da tele biyu ko uku, da dogon benci da yara da samari suka cunkushe a kai, suna ihun ƙwallon da ba a fili ake buga ta ba. A ƙarƙashin telen akwai baƙar na'ura da ƙura ta lulluɓe. Sau da yawa PlayStation 2 ce, wadda kamfanin Sony ya fara sayarwa a Japan ranar 4 ga watan Maris na shekarar 2000, ya kuma daina ƙera ta a farkon 2013. An sayar da sama da miliyan 155 a duniya, kuma da yawa daga cikin waɗanda mutanen Turai da Japan suka gaji da su, a kasuwanninmu na kayan kwance suka sauka, suna nan suna ci da gidaje har yau.

In ka ce ma mai shagon ya nuna maka faifan da ke ciki, da wuya ka ga na kamfani. Farin faifai za ka gani, an rubuta sunan wasan da hannu a kansa, ko kuma ka tarar babu faifai sam, sai kile USB a soke a gaban na'urar. To na'urar da ta fito daga kamfani ba ta karɓar irin wannan. Sai an kai ta wurin mai gyara ya buɗe cikinta ya saka mata abin da a nan muke ce ma pus, suna ɗaya da na salula amma aikinsa daban. Kowa ya san ana yi, daga mai shigo da kaya har uban da ya saya ma ɗansa, amma ba a taɓa zama an yi maganar a fili ba. Shin gyara ne, ko sata ce? Matsayinmu shi ne abubuwa biyu ne aka gwama wuri guda. Buɗe na'urar da mutum ya saya da kuɗinsa haƙƙinsa ne. Buga aikin wani ɗaruruwa a sayar kuwa cin haƙƙi ne, ko da mai aikin yana can Tokyo bai san da mu ba. Ya kamata mu iya rabe su, a doka da kuma a bakinmu.

Bari mu fara da yadda makullin yake, don da yawa daga masu gardamar ba su san abin da pus ɗin ke yi ba. PlayStation ta farko ta fito a Japan a watan Disamban 1994, kuma faifan sidi take ci. Mutane da dama sun ɗauka baƙin launin da ke ƙasan faifanta shi ne sirrin. Ba shi ba ne. Sirrin yana cikin layin da aka zana a farkon faifan tun a masana'anta, wanda aka yi shi da ƴar karkarwa da ido ba ya gani. A cikin wannan karkarwar aka ɓoye haruffa huɗu: SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai. In an kunna na'ura, sai ta nemi waɗannan haruffan tukuna. In ba ta same su ba, ko ta samu na wani yanki, sai ta ƙi tashi. Kwamfutar gida tana iya kwafe duk abin da ke cikin wasan ta ɗora a kan sabon faifai, aikin da Turawa ke ce ma ƙonawa saboda hasken leza ne ke ƙuna alamomin a jikin faifan, amma ba ta iya zana waccan karkarwar. Aikin pus shi ne ya tura ma na'urar haruffan da take jira, sai ta ɗauka faifan kamfani ne. Ƴar ƙaramar aba ce da ake liƙawa da dalma a kan allon na'ura da wayoyi ƙalilan.

Da PlayStation 2 ta zo, kamfanin ya ƙara tsaurara makullin, masu buɗewa su ma suka ƙara dabara. Aka yi pus iri-iri, aka yi faifan yaudara da ake fara sakawa sannan a musanya shi, daga baya aka samu hanyar da ba a ma buɗe cikin na'ura, sai dai a saka wata manhaja a katin ajiya, wasa ya tashi daga kile ko daga rumbun ajiya irin na kwamfuta. A 2020, shekaru ashirin bayan fitowarta, wani mai binciken tsaron kwamfuta ya nuna cewa ana iya tayar da faifan kwafi a kanta ba tare da an taɓa komai ba, ta wata ɓaraka da ke sashen da ke kunna fim na DVD. Kamfanin Sega shi ma ya gamu da irin haka da na'urarsa Dreamcast, wadda aka gano tana karɓar faifan kwafi ba pus, kafin ya daina ƙera ta a 2001. Tarihin shekara talatin ya nuna makullin da aka kai gidan mutum aka bar masa, ko ba daɗe ko ba jima sai an buɗe shi.

Abin lura a nan shi ne makulli ɗaya ke aiki biyu. Yana hana faifan sata, yana kuma hana faifan halak da aka saya a wani yanki. Wannan na biyun ya shafe mu kai tsaye. Mu ba mu da yankin kanmu a lissafin kamfanonin. Na'ura tana iya zuwa daga Faransa a cikin kwantena, faifai ya zo daga Amurka a jakar wani ɗan uwa, wani kuma ya biyo ta Dubai ko Kano. Mutum ya biya kuɗin na'ura, ya biya kuɗin faifai na asali, ya haɗa su a ɗakinsa suka ƙi juna, don kawai kamfani ya raba duniya gida uku saboda tsarin kasuwancinsa. Wanda ya kai irin wannan na'urar aka buɗe masa, me ya sata? Wa ya zalunta?

Haka nan maganar kwafin ajiya. A ƙasar da iskar hunturu ke cusa ƙura har cikin akwati, zafin bazara kuma ke lanƙwasa roba, faifai ba ya tsufa da kyau. A shagon wasa kuwa hannu goma ke taɓa shi kafin azahar. Karce ɗaya mai zurfi ya isa ya kashe shi. Mai hankali zai so ya ɓoye na asalin ya riƙa aiki da kwafi, kamar yadda mutum ke yawo da kwafin takardar haihuwa ya bar ta asalin a gida. Dokokin ƙasashe da yawa sun yarda da wannan a kan manhajar kwamfuta. Tarayyar Turai ta amince da kwafin ajiya tun 1991, dokar Faransa ta tanade shi, ta Amurka ma haka. Sai ga Amurka a 1998 ta yi wata doka da ake ce ma DMCA, wadda ta haramta karya makullin da ke kare aiki mai haƙƙin mallaka. Ke nan an ba ka izinin yin kwafi, an kuma hana ka hanyar da kwafin zai yi maka amfani. Kamar a ce an yarda ka yi ma ɗakinka makulli na biyu, amma ba a yarda ka soka shi a ƙofa ba.

Sai dai mu faɗa ma kanmu gaskiya. A cikin fararen faifan da ke kasuwanninmu, nawa ne mai su ke da na asali a ajiye a gida? Kowa ya san amsar. Kalmar kwafin ajiya a wurin mafi yawanmu riga ce aka sanya ma abin don ya yi kyan gani. Wanda ya sauke wasanni ɗari daga intanet ya zuba a rumbu ya sayar, bai ajiye komai ba, ya ɗauki aikin da mutane ɗaruruwa suka shafe shekaru suna yi ne, masu zane da masu rubuta manhaja da masu haɗa sauti, ya ci ribarsa shi kaɗai. Cewa kamfanin attajiri ne ba ya halatta abin, kamar yadda ba a yarda a ɗebi buhu a sitor ɗin babban ɗan kasuwa don an ce ba zai ji ba. Kuma ba duk wasa ne na manyan kamfanoni ba. Akwai ƙananan ƙungiyoyi na mutum biyar ko goma da wasa ɗaya ke raya su ko ya rufe su.

Kotunan duniya ma sun sha faman raba waɗannan biyun, kuma ba su yi baki ɗaya ba. A Ingila, a 2004, babbar kotun Landan ta yanke cewa sayar da pus na PlayStation 2 ya saɓa ma doka. A Ostareliya kuma Sony ya kai wani mai gyara na birnin Sidni mai suna Eddy Stevens ƙara. An kama shi da laifi kan sayar da faifan kwafi masu ɗauke da tambarin kamfanin, amma a kan saka pus, kotun ƙolin ƙasar ta ba shi gaskiya a watan Oktoban 2005. Mutum ɗaya ne, aiki biyu, hukunci biyu. A watan Janairun 2014 Kotun Tarayyar Turai ta duba ƙarar da Nintendo ya shigar a kan wani kamfanin Italiya mai suna PC Box. Ta ce doka tana kare makullin kamfani ne matuƙar bai wuce gona da iri ba, kuma dole alƙali ya duba abin da mutane ke yi da kayan buɗewar a zahiri kafin ya yanke hukunci. A Amurka kuwa hannu ya fi nauyi. A 2011 Sony ya maka matashi George Hotz a kotu saboda buɗe PlayStation 3, daga baya suka sasanta. A watan Fabrairun 2022 an yanke ma wani ɗan Kanada, Gary Bowser, ɗaurin wata 40 tare da biyan dala miliyan 14 da rabi, saboda yana cikin ƙungiyar da ke sayar da kayan buɗe na'urorin Nintendo a matsayin babbar sana'a. Wanda ya karanta waɗannan shari'o'in zai ga inda suka fi haɗuwa shi ne a kan mai kasuwanci da aikin wani. A kan mutumin da ya taɓa cikin na'urarsa kuwa, har yau ana ja.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanonin nan ba su taɓa ɗaukar mu a matsayin masu saye ba. Sabon babban wasa a Turai yau yana kaiwa yuro 70 zuwa 80. Da yake yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato ɗari shida da hamsin da shida in an cike, kuɗin ya kama jaka 46 zuwa 52. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta ƙayyade a Nijar jaka 42 ne a wata tun farkon 2024, kafin nan kuma jaka 30 ne da ƴan kai. Faifai guda ya fi ƙarfin albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Ko mai kuɗin ma, ina shagon da zai je ya saya da rasit da garanti? Kantin Sony na intanet ba ya karɓar rajista da adireshin yawancin ƙasashen Afirka, shi ya sa matasanmu ke buɗe asusu da sunan Faransa ko Amurka. A watan Mayun 2024 abin ya fito fili, lokacin da kamfanin ya tilasta ma masu buga wasan Helldivers 2 a kwamfuta su mallaki asusunsa, aka cire wasan daga kasuwa a ƙasashe sama da 170 da tsarin bai kai ba. Mutane sun biya kuɗi, suka wayi gari ana gaya musu ƙasarsu ba ta cikin jerin. Ihun ya yi yawa har kamfanin ya janye sharaɗin a cikin ƴan kwanaki.

Burazil ta bi ta wannan hanyar kafin mu. Sai a 2009 Sony ya fara sayar da PlayStation 2 a hukumance a can, shekara tara bayan fitowarta, alhali tuni ta cika gidaje da shagunan wasa ta hanyar kayan da aka shigo da su da kuma faifan kwafi. A irin waɗannan shagunan ne aka haifi Bomba Patch, wato wasan ƙwallon kamfanin Konami da matasa suka gyara, suka saka ƙungiyoyin ƙasarsu da ƴan wasansu da muryar masu sharhinsu, suna sabunta shi duk kaka. Darasin a bayyane yake. Inda kamfani ya ƙi zuwa, kasuwa ba ta jira, wani ne ke cike gurbin. Shugaban kamfanin Valve, Gabe Newell, ya taɓa bayyana a 2011 cewa satar fasaha yawanci matsalar hidima ce, ya kuma kawo misalin Rasha, inda aka ce masa ba za a sayi komai ba, amma da aka kai ma mutane wasa a kan lokaci cikin harshensu, sai ƙasar ta zama ɗaya daga manyan kasuwanninsa a Turai.

Wani zai ce to ai shi ke nan, tunda sun yi watsi da mu, mu ma ba ruwanmu da haƙƙinsu. A nan ne muke jan hankali, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kwamfutar da ke buga faifan ƙwallo ita ce dai ta buga finafinan Hausa da waƙoƙin mawaƙanmu. Masu shirya fim na Kano sun ga yadda fim ke fita da safe, da yamma a same shi a kan tabur a tasha da rabin kuɗi, har kasuwar faifai ta durƙushe, da yawa suka koma YouTube da tashoshin talabijin. Mawaƙan Nijar su ma sun san zafin a ji waƙarsu a kowace salula da kowane biki, su kuma aljihu wayam. Al'adar da ta koya ma yaro cewa aikin ƙwaƙwalwa ba shi da mai shi, ba ta tambayar ko mai aikin Bajapane ne ko ɗan Tawa. Yau muna da matasa da ke koyon rubuta manhaja, wasu na mafarkin ƙera wasa da labaranmu da harshenmu. Ranar da ɗayansu ya fitar da nasa, wa zai saya, in duk mun tashi da fahimtar cewa wasa abu ne da ake turawa kyauta?

Kuma ba a ce babu tsari ba. Nijar da Kamaru da Cadi duk suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa a kan yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma yarjejeniyar ta ƙunshi haƙƙin marubuta da masu fasaha. A Nijar akwai hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mallaka. Tambayar ita ce wa za a sa gaba in an tashi aiki da doka. In aka ce a bi shago-shago ana kwashe na'urorin yara, ana kama mai gyaran da ke zaune da ƙarfen dalma a bakin kasuwa, an kama reshe an bar tushe, an kuma kashe ƴar sana'ar da ke riƙe da matasa da yawa. Ƙarfin hukuma ya fi dacewa da masu buga kaya da yawa suna rarrabawa, musamman waɗanda ke cin gumin masu fasaharmu na gida, waɗanda su ne asararsu ke tsayawa a cikin ƙasa.

Akwai kuma dalilin da ya sa muke ganin dole a kare ƴancin buɗe na'ura tun yanzu, kafin a zo a kwafo mana dokar wasu a liƙa. Faifan kansa yana kan hanyar ɓacewa. Tun 2020 Sony ke sayar da nau'in PlayStation 5 marar wurin saka faifai, Xbox Series S ma haka take. Abin da mutum ke saye a kantin intanet izinin amfani ne, wanda ake iya janyewa. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da wasan mota The Crew, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saye shi, har da masu faifai. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe kantinsa na na'urorin Wii U da 3DS. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ke tilasta ma masu sayarwa su gaya ma mutum ƙarara cewa izini yake saye. Wani bincike da gidauniyar adana tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Da yawa daga cikinsu suna raye ne don wasu sun kwafe su sun ajiye, kuma akwai na'urorin da aka buɗe da ke iya tayar da su. In doka ta ce mai na'ura ba shi da ikon taɓa cikinta, gobe maganar za ta wuce kayan wasa ta kai ga salula, da injin ban ruwa, da mota, da kayan asibiti, duk abin da ke da manhaja a ciki. Ƙasar da kusan komai nata na kwance ne, mai gyara ke riƙe da shi, ita ce za ta fi kowa shan wahalar irin wannan dokar.

Saboda haka muna kira ga ƴan majalisa da ma'aikatun da abin ya shafa, duk ranar da aka zo sabunta dokar haƙƙin mallaka, a rubuta bambancin nan ɓaro-ɓaro. A halatta ma wanda ya mallaki na'ura ya gyara ta, ya buɗe ta don faifan wani yanki, ya yi kwafin abin da ya saya don amfanin kansa. A haramta bugawa da rarrabawa don riba, a kuma sa hukuncin ya dace da girman cinikin. Kada a yi doka da za ta mayar da kowane mai gyara mai laifi, sannan a bar ta a hannun duk wanda ya ga damar karɓar na goro.

Ga masu gyara kuma, sana'arku tana da daraja, ku riƙe ta da amana. Mutumin da ke iya liƙa waya siririya kamar gashi a kan allon na'ura ba tare da ya ƙona shi ba, yana da hannun da cibiyoyin koyon sana'a ya kamata su nema su ba takarda. Amma ku gaya ma mai kaya gaskiya kafin ku kwance sukurun farko. Buɗe na'ura yana kashe garanti in akwai. In sabuwa ce mai hawa intanet, kamfani na iya toshe ta, kamar yadda Microsoft ya toshe ɗimbin Xbox 360 a watan Nuwamban 2009. Faifan kwafi marar kyau yana wahalar da idon na'ura, wanda dama shi ne ya fi saurin mutuwa a tsofaffin PlayStation. Wanda ya ɓoye ma mai kaya waɗannan don ya karɓi kuɗin aiki, shi ma ya ci haƙƙi.

Iyaye da masu shagunan wasa, akwai wata asara da faifan kwafi ke jawowa da ba a cika magana a kanta ba. Kwalin faifan asali na Turai yana ɗauke da lambar shekaru, tsarin da ake ce ma PEGI da aka fara a 2003: 3, 7, 12, 16 ko 18. Farin faifai ba shi da kwali, kile mai wasa ɗari ba shi da lamba. Wasan Grand Theft Auto: San Andreas na 2004, wanda yake cikin waɗanda aka fi so a shagunanmu, lambar 18 gare shi saboda kisa da batsa da ke ciki, amma yaron da bai gama firamare ba yana zaune yana buga shi da kuɗin karin kumallonsa. Malaman lakwal suna jin kalmomin da ke fitowa daga bakin yaran a filin hutu. Tunda mun cire kwalin, nauyin da kwalin ke ɗauka ya dawo kanmu. Uba ya zauna minti goma ya kalli abin da ɗansa ke bugawa. Mai shago ya ware wasannin manya, ya kuma kori mai rigar lakwal a lokacin aji. Wannan ba ya buƙatar doka daga Yamai, shugaban unguwa da ƙungiyar iyayen yara sun isa.

Su kuma kamfanonin, in suna son a daina buɗe na'urorinsu a Afirka, hanyar a fili take. Su buɗe kantinsu ga ƙasashenmu, su karɓi biya ta salula kamar yadda muke biyan wuta da ruwa, su sa farashin da ya dace da aljihun wurin, kamar yadda kantin Steam ya daɗe yana yi ma wasu yankuna. Tsofaffin wasannin da suka riga suka mayar da kuɗinsu ninki-ninki, su sake su da araha. Nahiyar da kason matasa a cikin al'ummarta ya fi na kowace ba ta cancanci a riƙa tunawa da ita sai in an zo lissafin ɓarayi ba. Kafin su yi hakan, mu ma mu gyara namu. Wanda ya buɗe na'urarsa ya buɗe, kayansa ne. Amma in fim ɗin Hausa ne, ko waƙar ɗan ƙasa, ko manhajar da wani yaro ya kwana yana rubutawa a Damagaram, wanda mai shi ke nan kusa kuma kuɗinsa bai fi ƙarfinmu ba, to mu sa hannu a aljihu mu biya.